Yadda ɗan fansho zai riƙa rubuta littafin yini, daga sayen littafin har zuwa adana shi

Tun da na yi maganar cewa ina da littafin da nake rubuta abin da ya gudana a yinina, abokan zaman fansho daga nan Bauchi da Azare, har da wasu daga Gombe, ba su bar ni na huta ba. Tambayar kusan iri ɗaya ce: wane littafi za a saya, me za a rubuta, kuma mutumin da ba ya zuwa ofis me yake faruwa a yininsa da har zai cika shafi? Wata Hajiya da ta yi ritaya daga aikin jinya ta ce ta sha farawa, amma ba ta taɓa wuce mako guda ba. To ga amsar baki ɗaya.

Ma'aikacin gwamnati yana ajiye aiki ne idan ya cika shekara 60 da haihuwa ko 35 a bakin aiki, malaman makaranta kuma dokar tarayya ta 2022 ta ɗaga nasu zuwa 65 ko 40. Duk tsawon shekarun nan akwai abin da ke tsara wa mutum yini: rajistar sa hannu, ƙararrawar makaranta, ranar albashi. Ranar da ka miƙa makullin ofis duk wannan ya tafi. Bayan 'yan watanni sai ka ga ba ka bambance Talata da Laraba, fansho yana ƙarewa a tsakiyar wata ba ka san ta inda ya bi ba, likita ya tambaye ka yaushe jirin ya fara ka ce masa an ɗan kwana biyu. Littafin yini zai nuna maka inda jikinka da kuɗinka da lokacinka da zumuncinka suka nufa. Amfaninsa yana fitowa ne ranar da ka koma ka karanta abin da ka rubuta, shi ya sa a wurina mataki na 8 ya fi duk sauran nauyi.

Mataki na 1: Sayen kaya

Ka nemi littafi mai bango mai ƙarfi, mai layi-layi, wanda aka ɗinke takardunsa da zare. Mai waya a gefe yana saurin yagewa, mai ƙusa a tsakiya kuma takardunsa na zarewa ɗaya bayan ɗaya. Shafi 200 ya isa: idan kana cin rabin shafi a kullum, kwana 365 za su ci shafi 183, sauran ka yi lissafin wata da su. Shagunan kayan makaranta na kasuwar Wunti da babbar kasuwa duk suna da shi, haka ma a babbar kasuwar Gombe. Ka buɗe shi a gaban mai shago, ka ɗaga takarda ɗaya a haske. Idan ta yi shara-shara, biro zai huda ta ya ɓata bayan shafi, sai ka nemi wani.

Sauran kayan: biro baƙi ko shuɗi guda biyu, jan biro ɗaya, rula, gam, ambulan mai ɗan girma, da leda mai kauri da za ka riƙa saka littafin. Duka ba za su kai kuɗin man mashin na mako guda ba. Idan sai ka nisanta takarda daga fuskarka kake iya karantawa, fara zuwa a gwada maka ido a ba ka tabarau, domin wanda rubutu ke sa wa ciwon kai ba zai daɗe yana yi ba.

Hattara: ka guji dayarin nan da bankuna da kamfanoni ke rabawa a farkon shekara, mai kwanan wata a buge a kowane shafi. Da ka yi fashin kwana biyar, fararen shafukan za su tsaya suna kallonka, kunya ta kama ka, ka tura shi ƙarƙashin katifa. Littafin da kai ne ke sa masa kwanan wata da hannunka ba ya nuna giɓi. Kada kuma ka yi rubutu da fensir, yana dishewa, ko da biro mai tawada ruwa-ruwa, danshin damina na narkar da ita.

Wasu sun tambayi ko a yi a waya. Shawarata ita ce takarda. Waya tana mutuwa idan babu wuta, tana ɓata, jikoki suna ɗauka su yi wasa, kuma da ka buɗe ta don rubutu saƙonnin WhatsApp za su janye ka.

Mataki na 2: Shirya littafin kafin a fara

Ka ware zama guda don wannan kawai. Sa wa kowane shafi lamba a kusurwar sama. Shafin farko, sunanka da lambar wayar ɗa ko 'yar da za a kira idan an tsinci littafin. Shafi biyu na gaba ka bar su babu komai, nan za ka riƙa nuna inda muhimman abubuwa suke, misali “canjin maganin hawan jini, shafi na 47”.

Daga nan ka juya zuwa ƙarshen littafin ka ware shafi uku: ɗaya na magungunan da kake sha da adadinsu da lokacinsu, ɗaya na bashi, wanda ake bin ka da wanda kake bi, ɗaya na ranakun da ba a so a manta, kamar ranar komawa asibiti, ranar tantance 'yan fansho, da ranar biyan kuɗin makarantar yara. Ambulan ɗin ka manna shi da gam a cikin bangon baya, nan rasit da takardar gwajin asibiti za su riƙa shiga.

Hattara: lambar sirri ta katin banki, da BVN, da NIN, da lambar asusun fansho, kada ko ɗaya ta shiga littafin nan. Littafi ne da zai riƙa yawo daga ɗaki zuwa zaure, kuma 'yan damfara sun fi farautar 'yan fansho.

Mataki na 3: Tsayar da lokaci

Kada ka ce za ka rubuta idan ka samu sarari. Ɗan fansho yini gaba ɗaya sarari ne, kuma abin da za a iya yi kowane lokaci shi ne ba a yi. Ɗaura rubutun a jikin abin da ba ka fashinsa. Ga Musulmi babu kamar salla. Bayan an dawo daga asuba an gama azkar, minti biyu sun isa ka sa kwanan wata ka rubuta abu ɗaya ko biyu da kake son yi yau. Bayan isha'i kuma minti goma na cike sauran. 'Yan uwa Kirista za su iya haɗa shi da addu'ar safe da ta dare.

Wuri ma a tsayar. Kujera ɗaya, ko gefen tabarma ɗaya, da fitila mai caji a kusa saboda ɗauke wuta. Littafin da biron su zauna tare a wurin.

Hattara: kada ka kai shi kan gado. Barci zai riga ka. Idan kuma kai mai zaman majalisa ne har goma na dare, yi rubutunka tsakanin magariba da isha'i, abin da ya faru bayan nan ya shiga shafin gobe.

Mataki na 4: Tsarin shafin yini

A sama ka sa rana da kwanan wata na bature, kusa da shi na Musulunci. Na biyun zai yi maka amfani wurin azumin nafila da lissafin zakka. Ƙarƙashinsa layi biyar, kowanne da sunansa: Jiki, Aljihu, Mutane, Aiki, Zuciya. Ga yadda shafi ɗaya zai iya kasancewa:

Jiki: awon jini da safe 138/86. Na sha magani. Na taka daga gida zuwa masallacin Gwallaga na dawo, kamar minti 30. Gwiwar hagu ta ɗan yi tsami. Barci ya yanke ƙarfe uku.
Aljihu: cefane 4,500, Keke Napep 600, gudummawar suna 3,000. Babu abin da ya shigo.
Mutane: na je duba maƙwabcinmu da aka sallamo daga asibiti. Yaya ta kira daga Misau.
Aiki: na gyara ƙofar garken awaki. Karatu shafi biyu.
Zuciya: autana ya kira ba don neman komai ba, na ji daɗi. Raina ya ɗan ɓaci da rana kan maganar kuɗin wuta.

Shi ke nan. Ba insha'i ake nema ba, babu mai duba maka nahawu ko ƙa'idar rubutu. Layin da babu abin sawa a kai, ka ja ɗan gajeren layi ka wuce, kada ka ƙirƙiro. Wannan gajeren layin ma bayani ne, za mu dawo kansa.

Kuskuren da ya fi kashe masu farawa shi ne cika shafi uku a daren farko. Rana ta biyu sai shafi ɗaya, ta huɗu sai gajiya. A watan farko kada ka wuce rabin shafi ko da kana jin hannunka na ƙaiƙayi.

Mataki na 5: Layin jiki

A nan nake so a tsaya sosai, domin shi ne layin da ya fi saurin biyan mai shi. Likita a asibitin koyarwa na Bauchi ko na tarayya da ke Gombe yana da layin marasa lafiya a bakin ƙofa, 'yan mintuna zai ba ka. Wanda ya shiga da lambobin awon jininsa na wata guda a rubuce, da ranar da ƙafarsa ta fara kumburi, da ranar da ya fara sabon magani, ya sauƙaƙa wa likita aiki kuma ya taimaki kansa.

Idan kana da hawan jini, na'urar awo ta gida ita ce abu mafi tsada a duk wannan tsarin, ta haura naira dubu goma nesa ba kusa ba. Idan za ka saya, sayi ta damtse, ta fi ta wuyan hannu inganci. Idan babu hali, ka tsayar da kemis ɗaya ko ƙaramin asibitin unguwa, ka riƙa zuwa a rana ɗaya a mako. Kafin awo ka zauna minti biyar ka jingina bayanka, ƙafafu a ƙasa, hannu a kan tebur daidai ƙirji, ba magana. Minti 30 kafin awon kada ka ci goro, kada ka sha kofi ko shayi mai ƙarfi, kada ka sha taba. Goron nan mutanenmu suna mantawa da shi, alhali yana ɗaga awon. Rubuta lambobin biyu yadda suka fito, da lokacin da aka auna. Idan suna yawan kai 140/90 ko su wuce, ka kai wa likita littafin ba sai ranar da aka sa maka ta zo ba.

Mai ciwon suga ya rubuta awon safe kafin ya ci komai. A lura na'urorin iri biyu ne: wata tana nuna lamba kamar 126, wata kuma kamar 7.0, kuma duk abu ɗaya suke nufi. Ka rubuta a shafin magunguna irin wadda kake da ita don kada likita ya rikice. Kuɗin da ke ci gaba da fita a nan na tsinken gwajin ne, don haka ka tambayi likita sau nawa ya kamata ka riƙa gwadawa.

Sai tafiyar ƙafa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar aƙalla minti 150 na motsa jiki a mako, wato minti 30 sau biyar. Rubuta mintunan kawai. A watannin Maris da Afirilu, lokacin da zafin bazara ke kan ganiyarsa, a yi tafiyar da sassafe. Da hunturu kuma a bari rana ta ɗan ɗaga, musamman mai tari ko asma.

Hattara: littafi ba likita ba ne. Kada ka ga lambobi sun sauka ka daina shan magani da kanka, saukar tasu aikin maganin ne. Akwai kuma abin da ba a tsayawa rubutawa: awo ya kai 180/120 tare da ciwon kai mai tsanani ko ciwon ƙirji ko gani ya dushe, ko baki ya karkace, hannu ya saki, magana ta sarƙe. Wannan asibiti ne nan take. Haka idan suga ya faɗi ƙasa da 70 a na'urar da ke nuna lamba irin 126, jiki na rawa ana gumi, a sha abu mai zaƙi tukuna, rubutu ya biyo baya. Mai suga ko hawan jini ya je da littafinsa wurin likita kafin azumin Ramadan a daidaita masa lokutan magani.

Mataki na 6: Layin aljihu

Rubuta duk abin da ya fita, har kuɗin cajin mai POS da katin waya da ɗari biyun da ka miƙa wa jika. A makon farko abin zai yi maka kamar ƙwauro. Daure. Ba don a hana kai alheri ake yi ba, don a san adadinsa ne. Yawancinmu idan muka tara na wata guda, ba cefane ne ke ba mu mamaki ba, gudummawa ce: biki, suna, ta'aziyya, dubiya, ɗan uwa da ya zo daga ƙauye ba kuɗin mota. Wanda ya san abin da yake kashewa a nan zai iya ware masa kaso tun ranar da fansho ya shigo, ya bayar da sakin fuska, ya kuma san lokacin da zai ce a yi haƙuri sai wani watan. Ga iyayenmu mata, a ware shafi na musamman na biki da adashe: wa ta kawo me, wa aka kai wa me, kwasar wa ce wannan watan. Rigingimu da yawa tsakanin ƙawaye daga mantuwar nan suke tasowa.

Ranar da alat ɗin fansho ya shigo, rubuta ranar da adadin da jan biro. Ko kana tsohon tsari a ƙarƙashin hukumar fansho ta jiha ko ta ƙananan hukumomi, ko hukumar PTAD idan na tarayya ne, ko kuma sabon tsarin adashen gata da aka kafa a 2004 aka sabunta a 2014 wanda hukumar fansho ta ƙasa, PenCom, ke sa wa ido, ranar da aka samu ragi ko aka tsallake wata, tambayar farko da za a yi maka ita ce wane wata ne kuma nawa ne. Duk lokacin da ka je ofis kan maganar fansho ko giratuti ko tantancewa, rubuta ranar, da ofishin da ka shiga, da abin da aka ce ka kawo, da takardar da ka miƙa. Ka riƙe hoton kowace takarda, kada ka ba da ta asali.

Idan giratuti ya fito, kada ka taɓa shi a makon farko. Buɗe sabon shafi, jera duk abin da kake son yi da shi da duk wanda ya zo da shawarar kasuwanci, ka bar shafin ya kwana bakwai kafin ka sake dubawa. Abin da ya yi kyau ranar da alat ya shigo ba lallai ya yi kyau bayan mako ba.

Hattara: shafin bashi don tuni ne kawai, ba hujja ba ne. Aya ta 282 a Suratul Baƙara, wadda ita ce mafi tsawo a Alƙur'ani, ta yi umarni a rubuta bashi a kuma kafa shaidu. Bashi mai nauyi a yi masa takardarsa daban, da sa hannun ɓangarorin biyu da na shaidu, a littafin kuma ka nuna inda takardar take. Idan an biya, ka soke da jan biro ka sa kwanan wata, don kada magada su je suna bin abin da aka riga aka biya.

Mataki na 7: Mutane, aiki da zuciya

Layin mutane sunaye kawai yake buƙata, da alamar ko ido da ido ne ko ta waya. Layin aiki kuma duk abin da ka yi da hannunka ko da kanka: gona, kiwo, karatun Alƙur'ani, koyar da yaran unguwa, sasanta maƙwabta, zaman kwamitin masallaci ko coci. Mai noma ya sa ranar ruwan shuka, ranar shuka, irin da ya shuka, buhun taki nawa ya zuba da ranar da ya zuba, da abin da ya samu da kaka. Baɗi shafukan nan za su fi masa duk wata shawarar majalisa.

Layin zuciya ya fi kowanne buƙatar kula. Abu ɗaya da ka gode wa Allah a kansa, ƙarami takamaimai, da abu ɗaya da ya dame ka idan akwai. “Alhamdu lillahi” kaɗai kullum ba zai nuna maka komai ba idan ka dawo karantawa, faɗi a kan me.

Hattara: magana zarar bunu ce, ta rubuce kuwa ta fi daɗewa. Ka ɗauka cewa wata rana iyalinka za su karanta littafin nan ba ka nan balle ka yi bayani. Kada ka rubuta wace ce ta fi a cikin matanka, ko wane ɗa ne ya fi jin ƙanka, ko sirrin da wani ya ba ka amana. Rubuta “raina ya ɓaci kan maganar gida” ya wadatar, kai ka san abin da kake nufi. Idan zuciya ta cika sai ta amayar, ɗauki takarda daban ka rubuta duk abin da ke ranka, ka yayyaga ta kafin ka kwanta. Haka nan kada ka mai da littafin wurin rabon gado. Wasiyya a Musulunci ba ta wuce sulusin dukiya kuma ba a yi wa magaji, don haka a je wurin malami masani ko lauya a rubuta ta da shaidu. Jimla ɗaya irin “gidan Yelwa na wane ne” a cikin littafin yini tana iya raba 'yan uwa.

Idan kuma ka ga sama da mako biyu layin nan babu komai sai ƙunci, barci ya ƙaurace, abinci ba ya shiga, abin da kake so a da ya fita ranka, ka gaya wa wanda ka yarda da shi kuma ka gaya wa likita. Ciwon damuwa yana kama mutane bayan ritaya, ba raunin imani ba ne, kuma ana maganinsa.

Mataki na 8: Komawa a karanta

Zaɓi rana ɗaya a mako. Safiyar Juma'a kafin a fara shirin masallaci ta fi dacewa da yawancinmu. Ɗauki jan biro, karanta kwana bakwai ɗin da suka wuce, amma ba shafi-shafi ba. Bi layi ɗaya daga farkon mako zuwa ƙarshe, sannan ka koma ka bi na biyu. Haɗa mintunan tafiya ka ga ko sun kai 150. Haɗa kuɗin da ya fita. Ƙirga mutanen da ka gani ido da ido waɗanda ba 'yan gidanku ba. Sannan ka duba wane layi ne ya fi yawan gajerun layukan nan na babu komai. Nan ne rayuwarka ta karkata.

Misali, mutum zai ga layin mutane cike yake, kullum majalisa da ɗaurin aure, amma layin aiki fayau, ya yi mako bai taɓa komai da hannunsa ba. Wani kuma akasin haka, yana gona tun safe har la'asar, amma rabonsa da ƙanwarsa da ke cikin gari tun ƙaramar salla. Wata za ta ga duk daren da barcinta ya yanke, ranar ta sha shayi bayan isha'i. Irin wannan ba a gane shi daga rana ɗaya, sai an jera kwanaki.

Daga nan ka rubuta gyara ɗaya tak na mako mai zuwa, da rana da lokaci: “Litinin bayan la'asar zan je gidan Yaya.” Kada ka jera gyara biyar, ba za ka yi ko ɗaya ba. Juma'a mai zuwa da wannan za ka fara, an yi ko ba a yi ba.

Na wata kuma ka yi shi ranar da fansho ya shigo, kafin ka cire ko sisi. Shafi guda: jimillar abin da ya shigo, abin da ya fita kashi-kashi, awon jini mafi sama da mafi ƙasa, da ranakun da ke tafe. Sa lambar shafin a jerin da ka bari a farkon littafi. Idan akwai fahimta tsakaninku, zauna da uwargida ko maigida ku duba ɓangaren kuɗin tare.

Mataki na 9: Idan an yi fashi

Za a yi fashi, babu makawa. Rashin lafiya, rasuwa, baƙi, hidimar biki. Kada ka zauna kana ƙoƙarin tuno kwana goma, za ka gaji kuma rabin abin da za ka rubuta ba daidai ba ne. Ja layi da rula, rubuta jimla ɗaya kamar “daga 3 zuwa 12 ga wata muna zaman makoki a Darazo”, ka sa kwanan watan yau ka ci gaba. Idan tafiya ce, ko Kano ko Jos ko aikin Hajji, bar babban littafin a gida ka tafi da ƙarami na aljihu, in ka dawo ka manna shafukan.

Mataki na 10: Wanda boko ko hannu ya ba shi wahala

Wanda ajami ya fi masa sauƙi ya rubuta da ajami, lambobin awo da na kuɗi kawai ya sa da na boko saboda likita. Mai rawar hannu ya nemi biro mai kauri ko ya naɗa masa ƙyalle, ya riƙa tsallake layi. Idan ido ya yi rauni sosai, a samu jika mai hankali ya riƙa rubuta layuka huɗu na farko bayan magariba, layin zuciya kuwa a bar shi, ko a faɗe shi a na'urar ɗaukar murya ta waya idan wayar tana da makulli.

Mataki na 11: Shafin jikoki

Wannan ƙari ne, kada a fara shi sai rubutun kullum ya zauna, kamar bayan wata biyu. Sayi littafi na biyu, sau ɗaya a mako ka rubuta labari ɗaya daga rayuwarka. Kada ka fara daga haihuwa, za ka maƙale. Ɗauki rana ɗaya da ka tuna sosai. Manyanmu sun ga komawa tuƙi hannun dama a 1972, da canjin kuɗi daga fam da sule zuwa naira da kwabo a 1973, da kafa jihar Bauchi a 1976. Kusan dukkanmu mun ga ranar 1 ga Oktoba 1996 da aka cire Gombe daga Bauchi, lokacin da ma'aikata da yawa suka tattara iyali suka koma. Ina kake ranar, nawa ne albashinka, wa ya raka ka tasha? Sa sunayen kakanni da garuruwan da suka fito, da yadda aka samu gonar gado da iyakokinta. Wannan littafin, saɓanin na farko, don a karanta aka yi shi, ka riƙa ba yara suna karanta maka kana gyarawa.

Mataki na 12: Adana wanda ya cika

Rubuta ranar farawa da ranar gamawa a bango da kuma a gefen littafin. Kafin ka rufe shi, kwafe shafin magunguna da bashin da ba a biya ba da ranakun da ke tafe zuwa sabon littafi. Saka tsohon a leda, ka sa a akwatin ƙarfe, ka ɗora akwatin a kan wani abu. Kada ya taɓa ƙasa ko ya jingina da bango, saboda gara da danshin watan Agusta. Bayan damina ka fito da su su sha iska a inuwa. Takardun fansho na asali kuwa kada su zauna a akwati ɗaya da littattafan, a ba su nasu wurin.

Daga ƙarshe ka gaya wa mutum ɗaya da ka amince da shi inda akwatin yake, kuma ka rubuta a shafin farko na kowane littafi abin da kake so a yi da shi bayan ranka: a ajiye, a ba wane, ko a cire shafin bashi a ƙone sauran.